Ina son zuwa tsibiri in yi nutso da tukunyar iska, ban taɓa yi ba: daga ina zan fara?

Wani ɗan'uwa ya rubuto: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Jidda, ina da hutun kwana 8 nan da wata uku. Ni da maiɗakina muna son zuwa wani tsibiri mu yi irin nutson nan da ake goya tukunyar iska a baya. Ban taɓa yi ba, iyon ma na kududdufi na iya tun ina yaro, ita kuwa ba ta iya ko kaɗan ba. Wasu sun ce mu tafi Maldif, wasu sun ce Farasan. Ina ya fi dacewa, kuma me za mu saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kai mu lokacin lafiya. Zan zo kan Maldif da Farasan, tsibiran nan na kudancin Saudiyya, amma bar ni in fara da wata ukun nan da ka ambata a gurguje, don su ne jarinka. Kana zaune a bakin Bahar Maliya, tekun da Turawa ke biyan kuɗin jirgi mai yawa don su zo su nutsa a cikinsa. Ka koyi nutson a nan, a Ubhur, gaɓar tekun da ke arewacin Jidda, kafin ka sayi tikitin ko'ina. Na sha ganin mutum ya tara kuɗin shekara ya tafi tsibiri da hutun mako guda, kwana huɗu sun tafi a aji da tafkin otal yana koyon yadda ake fitar da ruwa daga gilashin fuska, ranar da aka miƙa masa shaida kuma ranar ce ya kamata ya daina shiga ruwa saboda jirgi. Kuɗin tsibiri ya biya, karatun aji ya yi.

Shaidar farko ita ce ake kira Open Water, kuma ƙungiyoyin da za ka fi gani a shagunan nutso na Jidda su ne PADI da SSI. Kada ka wahalar da kanka wajen zaɓe tsakaninsu, duk inda ka je za a karɓi kowacce. Malamin shi ne abin zaɓe. A tsarin PADI akwai karatu, wanda yanzu a waya ake yinsa, sai darussa 5 a tafki ko ruwa marar zurfi, sai nutso 4 a teku. In ka gama, an yarje maka zurfin mita 18 tare da abokin nutso. Akwai kuma gwajin da ba a tsallakewa: iyon mita 200 ba tsayawa, ko mita 300 da gilashi da bututun numfashi da takalmin iyo, sannan ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba a duba sauri, ba a duba salo. Iyon kududdufinka zai iya kai ka in ka ɗan motsa jiki na 'yan makonni. Maiɗakinka kuwa, ta fara da koyon iyo yanzu. Akwai mata masu koyar da iyo da nutso a Jidda, kuma rigar robar da ake sawa tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, ana ƙara hular da ke rufe kai. In wata ukun ba su ishe ta ba, kada ka matsa mata. Ta tsaya a kan leƙen ruwa daga sama da gilashi da bututu, sanye da rigar da ke hana nitsewa. Mafi yawan launin murjani, wato halittun nan masu kama da duwatsu da ke tsirowa a ƙasan teku, a mitoci biyar na sama yake, don ja ne launin farko da ruwa ke haɗiyewa in ana sauka, har jini ma kore-kore yake fitowa a zurfi.

Kafin tafki ma akwai takardar tambayoyin lafiya da za a ba ku. Mutane kan bi ta da "a'a, a'a, a'a" kamar takardar buɗe asusun banki. Don Allah kada ka yi haka. Asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, wanda huhunsa ya taɓa sacewa, wanda aka yi wa aiki a kunne, duk sai likita ya duba ya sa hannu, wasunsu ma hani ne kai tsaye. Mai juna biyu ba ta nutso, ko da cikin na wata ɗaya ne, ko ma ana zato ne kawai. Sai abin da ya shafe mu mu musamman, wanda malamin da bai saba da mutanenmu ba zai iya wucewa bai tsaya a kansa ba: sikila. Mai SS ba ya nutso da tukunya. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da wahala su ne masu tayar da ciwon, kuma nutso ya tara su duka ukun. Mai AS kuwa ya gaya wa likitan da ya san harkar nutso, shi zai yanke. In ba ku san ko AA ne ku ko AS ko SS ba, ku yi gwajin kafin ku biya kuɗin kwas.

Me ya sa duk wannan tsanani a kan abin da ake yi don nishaɗi? Saboda nauyin ruwa. A nan inda muke zaune iska tana danne mu da awo ɗaya. Duk mita 10 da ka sauka a teku, an ƙara maka wani awo ɗayan. Wato a mita 10 dannin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. In ka hura balan-balan a sama ka sauka da ita mita 10, za ta koma rabin girmanta. In kuma a can ƙasa ka cika ta ka hau da ita, za ta ninka, ko ta fashe. Huhunka balan-balan ne. Shi ya sa dokar farko, wadda za ka ji har ta gundure ka, ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Kuma a nan ne masu irin tarihinka suka fi ba ni aiki. Wanda ya tashi yana nutso a kududdufi ko a kogi, jikinsa ya haddace cewa da zarar kai ya shiga ruwa sai a kulle numfashi. Wannan ɗabi'ar da ta tsare shi yana yaro ita ce za ta iya yaga masa huhu in ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa ya taso da ita a kulle, ko da daga mita biyu ko uku ne. Wanda bai taɓa shiga ruwa ba wani lokaci ya fi saurin karɓar wannan darasi.

Abu na biyu kunne. Tun daga mita ɗaya ko biyu za ka ji ana matsa maka dodon kunne. Sai ka toshe hanci ka hura a hankali, ko ka haɗiyi yawu, tun kafin zafin ya zo, kuma ka riƙa maimaitawa kana sauka. In ya ƙi buɗewa ka ɗan hau, ka sake gwadawa. Ba a yi masa dole. Mai mura ba ya nutso, kuma kada ka yarda da dabarar shan maganin buɗe hanci, don yana iya sakinka kana ƙasa, iskar da ta shiga ta rasa hanyar fita lokacin hawa. Mu da ke kwana cikin na'urar sanyaya ɗaki mu fita cikin zafin Jidda, mura ba ta yi mana wuyar samu, sai ka kula a makon tafiya.

Na uku shi ne wanda zai tsara maka hutun gaba ɗaya. Abin da ke cikin tukunya iska ce irin wadda muke shaƙa, an dai matse ta, ba oksijin zalla ba kamar yadda mutane ke zato. Kusan kashi 79 cikin 100 nata naitirojin ne. A ƙarƙashin danni wannan naitirojin yana narkewa ya shiga jini da tsoka, kamar gas a cikin kwalbar lemo da ba a buɗe ba. In ka hau a hankali, zai fita ta numfashi ba ka ma sani ba. In ka hau da gaggawa, ka buɗe kwalbar da aka girgiza: kumfa a jini, ciwon gaɓoɓi, kasala, jiri, wani lokaci shanyewar jiki. Maganinsa oksijin nan take, sannan ɗakin matsin iska a asibiti. Don haka ake hawa sannu, ake tsayawa minti 3 a mita 5 kafin a fito. Kuma bayan ka fito ma sauran naitirojin yana jikinka na sa'o'i. Ƙa'idar da ake bi ita ce aƙalla sa'a 12 kafin shiga jirgin sama bayan nutso ɗaya, aƙalla sa'a 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Ni ɗalibaina cikakken kwana ɗaya nake ce musu, sa'a 24, kowa ya huta da lissafi.

To ga inda mutanenmu na nan ke faɗawa ba su sani ba. Dalilin hana jirgi shi ne iskar cikinsa daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Abha tana kan kusan mita 2,200. Ɗa'ifa kusan 1,800. Duwatsun Faifa ma haka. Wanda ya yi nutso da safe a Farasan, ya tsallako Jizan, ya ce bari mu hau Abha mu sha sanyi tunda mun zo kudu, ya shiga jirgi ne da motarsa. Haka wanda ya fito daga ruwa a Ubhur ranar Juma'a ya kama hanyar Hada mai hawa dutse zuwa Ɗa'ifa da yamma. Na taɓa tsayar da wasu abokai a bakin mota saboda wannan, suna ta yi mini dariya wai na cika tsoro, sai da na sa su buɗe littafin kwas ɗinsu suka gani da idonsu. In kuna son dutse a cikin tafiyar, ku fara da shi, ku gangaro teku daga baya.

Yanzu sai tsibiri.

Farasan tana da abubuwan da nake so ga irinku. Tsibirai ne sama da 80, kimanin kilomita 50 daga gaɓar Jizan. Jirgin ruwan da ke kai mutane, wanda ake kira abbara, kyauta ne, yana ɗaukar motoci, tafiyar kamar sa'a ɗaya, sai dai a yi rajistar wuri tun da wuri, musamman in da mota ko lokacin hutun makarantu. Ba ka bukatar bizar fita da dawowa, ba ruwanka da canjin kuɗi, ba ka tambayar ko naman halal ne. A 2021 UNESCO ta sa tsibiran cikin wuraren da take karewa saboda halittunsu. Akwai dazukan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri waɗanda ake ratsawa da kwalekwale, akwai barewar Farasan, akwai gidan Rifa'i da masallacin Najdi da attajiran lu'ulu'u suka gina lokacin da nutson lu'ulu'u ke ci, da tsohon ƙauyen Ƙassar. Kakannin mutanen wurin da numfashi ɗaya da dutse a ƙafa suke sauka. In tafiyarku ta faɗo wajen Afrilu, lokacin bikin kifin harid ne, sa'ad da kifin ke taruwa a bakin gaɓa jama'a su shiga su kama da hannu da raga. Duk Bahaushen da ya gani Argungu zai tuna.

Amma in gaya maka gaskiya, ruwan kudancin Bahar Maliya bai kai na Yanbu ko na arewa haske ba, kuma shagunan nutso a tsibirin ba su da yawa kamar Jidda. Sai ka shirya da wani shago tun kafin ka tashi, ka san wa zai kawo tukwane, wa zai ja ku. Da rani kuma zafi da gumin Jizan ba wasa ba ne, daga Nuwamba zuwa Maris ya fi daɗi. Sannan ka kula da wani ruɗani: in ka ji masu nutso suna yabon "Farasan Banks", ba tsibiran Farasan suke nufi ba. Wancan wani yanki ne na murjani a tsakiyar teku da ake shiga daga Al-Lith, kimanin kilomita 200 kudu da Jidda, a kwana a jirgin ruwa kwanaki. Bangaye ne masu zurfi da jan ruwa. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma ba na mai nutso huɗu a littafinsa ba.

Maldif kuwa hotunan ba ƙarya suke ba. Ruwan ɗumi ne duk shekara, ƙasar Musulmi ce, kuma tun 2009 aka yarje wa mutanen gari su buɗe masaukai a tsibiran da suke zaune, irin su Maafushi, inda za ka ji kiran salla, ba giya, kuɗin kuma bai kai na tsibiran otal ba. Daga Disamba zuwa Afrilu ne teku ya fi kwanciya, daga Mayu zuwa Nuwamba iska da ruwan sama sun fi yawa. Abin da ba a nunawa a hoto shi ne jan ruwa. Shahararrun wuraren nutsonsu mashigai ne tsakanin tsibirai, suna kiransu kandu, inda ruwa ke gudu kamar kogi da damina. Manyan kifaye can suke taruwa, shi ya sa ƙwararru ke son wurin, sabon shiga kuwa iskarsa ce za ta ƙare cikin minti ashirin yana kokawa. In Maldif ɗin kuka zaɓa, ka nemi tsibirin da ke da murjani a bakin gaɓarsa, wanda ake shiga da ƙafa, kuma ka rubuta wa shagon nutson ka gaya musu adadin nutsonka ba ƙari. Ka gama maganar bizar fita da dawowa da wurin aikinka, ka duba kwanakin iƙama, wato katin izinin zama, da na fasfo, kafin ka biya abin da ba a mayarwa.

Umluj da sababbin otal-otal na tsibiran arewa suna da kyau, ruwansu garau, sai dai na otal ɗin aljihu suke so. Zanzibar ma ana zuwa, a guji Maris zuwa Mayu saboda ruwan sama. 'Yan'uwanmu na Sudan kuma kullum sai sun tuna mini cewa mafi kyawun Bahar Maliya a gefensu yake, kuma ban musa ba: Sanganeb, Sha'ab Rumi inda Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken teku, ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963, da jirgin Umbria da aka nutsar a 1940 kusa da Bur Sudan. Amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe wannan maganar a yanzu, kuma ko da lafiya lau ne, wuraren na waɗanda suka daɗe a ruwa ne. Allah ya kawo musu zaman lafiya.

In ni ne kai, ga yadda zan yi. Wata na farko likita da iyo. Wata na biyu kwas. Wata na uku in yi nutso shida ko takwas a ƙarshen mako, daga gaɓa a Ubhur, sannan sau ɗaya ko biyu a jirgin ruwa, don in san ko teku na sa ni amai tun ina kusa da gida. Fita da jirgi a nan sai da izinin masu tsaron iyaka, shagon ne ke nema, kai dai ka riƙe iƙamarka da katin shaidarka. In lokaci ya ƙure, akwai hanyar raba kwas: ka yi karatu da tafki a Jidda, malami ya ba ka takarda, ka ƙarasa nutso huɗun teku a tsibirin cikin wata 12. Hutun farko kuma Farasan zan yi, ko Yanbu in ba dole sai tsibiri ba, in ajiye Maldif sai na tara nutso ashirin ko talatin, lokacin da zan ci moriyar kuɗina. In kuwa maiɗakinka ta riga ta sa rai da Maldif, to wannan ba fannina ba ne, ku sasanta.

Kwana takwas ɗin, daga ƙarshe ake lissafa su. Ranar dawowa ba nutso, jajibirinta ma ba nutso, ita ce ta yawo da sayen tsaraba. Ranar isowa hutu ce da shan ruwa. Saura biyar. Nutso biyu a rana ya isa, ka bar rana ɗaya a tsakiya ba komai, don kunne ya huta, don kuma iska na iya hana jirgi fita. Nutso takwas ke nan, kuma za ka gaji fiye da yadda kake zato. In hutun ya faɗo cikin azumi, ka ɗaga nutson, don ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin kumfar nan.

Batun saye, kada ka yi gaggawa. Gilashin fuska kawai nake cewa lallai ka mallaki naka, don fuska ba ɗaya ba ce. Ka ɗora shi a fuska ba tare da igiyar ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, in ya manne to naka ne. Masu gashin baki, ruwa zai riƙa shigo muku ta ƙarƙashin hanci, a rage layin sama kaɗan, gemu kuwa ba ruwansa. Bayan gilashi sai bututu da takalmin roba. In da hali, agogon nutso mai lissafa zurfi da lokaci ya fi kyamara amfani nesa ba kusa ba. Kyamarar ma ka bar ta tukuna: sabon mai nutso da kyamara a hannu shi ne ke karya murjani da ƙafa, shi ne ke manta duba iskarsa. Tukunya, na'urar numfashi, falmaran ɗin iska da ɗamarar dalma duk haya ake yi. Ka tuna Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, tana ɗaga mutum sama, don haka dalmar da ta ishe ka a Jidda za ta iya yi maka ɗan yawa a Maldif. Ka nemi a gwada maka nauyi a nutson farko. Ka kuma sayi inshorar da ta ambaci nutso da sunansa, irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, don inshorar wurin aiki ba lallai ta ɗauki ɗakin matsin iska ba.

Shagon da za ka bi, a nan ko a can, ka yi masa tambayoyi huɗu ba kunya: mutum nawa malami ɗaya ke ja, akwai oksijin a jirgin, ina ɗakin matsin iska mafi kusa, kuma kuɗin da suka faɗa ya haɗa da kaya da katin shaida ko sai an ƙara. Wanda ya ji haushin tambayar, ka gode masa ka wuce. Na taɓa bin wani jirgi da na tambayi oksijin aka nuna mini akwati, na buɗe na tarar tukunyar babu komai. Tun ranar da kaina nake buɗewa.

Za ka tambaye ni kifin ƙirshi, wanda Turawa ke kira shark, kowa sai ya tambaya. Waɗanda za ka gani a bakin murjani su ne ke gudunka. Abin da ke raunata mutane ƙanana ne: kifin dutse da ke kwance kamar dutsen, kifin nan mai baza ƙayoyi da Larabawa ke kira zakaran teku, ƙayar bushiyar ruwa, da murjanin wuta mai ƙuna kamar an ɗiga maka mai. Dukkansu sai ka taɓa su ko ka taka su. Ka naɗe hannuwanka a ƙirji, kada ka ɗauko komai, ko katantanwa ce, don akwai mai siffar mazurari da ke harbi da dafi.

Tukunya takan fara da awo 200, kuma da 50 ake so ka fito, ba da sifili ba. Sabon mai nutso yana shan iska da sauri, sau da yawa shi ne na farkon da tasa ke ƙarewa, sai kunya ta sa ya ƙi faɗa don kada ya katse wa jama'a. Kunyar nan tamu ta gida ba ta da wuri a ƙarƙashin ruwa. In allurar ma'aunin iskar ta kai 100 ka nuna wa jagora, in ta kai inda kuka yi alkawari ka ɗaga babban yatsa sama, wanda a wurinmu ma'anarsa "mu hau", ba "lafiya lau" ba. Ka aiko mini da sakamakon gwajin jinin naku da watan da hutun zai faɗo, sai mu tsayar da wuri.